Yaro mai buƙata ta musamman a makarantar Yahudawa: me dokar Amurka ta tanada?

A Amurka akwai dokar tarayya mai suna IDEA, wadda asalinta tun 1975 ne. Ta wajabta wa makarantun gwamnati su ba kowane yaro mai naƙasa ilimi kyauta daidai da buƙatarsa, a rubuta masa tsarin karatu nasa shi kaɗai, har da mai koya masa magana idan ta kama.

To amma Yahudawa masu riƙo da addini galibi makarantunsu na kuɗi suke kai 'ya'yansu, inda ake haɗa boko da Attaura da Ibrananci. A nan gizo ke saƙa. Da zarar iyaye sun kai yaro irin wannan makaranta da kansu, wancan haƙƙi nasa na ƙashin kansa ya faɗi. Abin da ya rage shi ne hukumar ilimin yankin da makarantar take ta zaƙulo irin waɗannan yara, ta duba su kyauta, ta ware musu kaso daga kuɗin tarayya gwargwadon yawansu. Kason na ƙarewa, shi ke nan, wani ya samu ɗan taimako, wani ya tashi a tutar babu. Dokar ADA ta 1990 ma, wadda ta tilasta wa wuraren hulɗa da jama'a sauƙaƙa wa masu naƙasa, ta tsame makarantun addini daga wannan sashen.

Abin da ke sosa mini rai shi ne a ce gida ɗaya, yayye su tafi makarantar addini da safe, a kai ƙaninsu wata dabam don kawai can ne taimakon yake.

Kotuna sun ɗan buɗe ƙofa. A 1993 Kotun Ƙoli ta ce ba laifi gwamnati ta biya tafintan maganar hannu ga wani kurma a makarantar Katolika a Arizona. Amma a 1994 ta soke gundumar ilimi ta musamman da jihar New York ta ƙirƙira wa Yahudawan ƙauyen Kiryas Joel don 'ya'yansu masu naƙasa, saboda an shata ta ne bisa addini. Sai a 2023 wasu iyayen Yahudawa da makarantu biyu na Los Angeles suka maka Kalifoniya a kotu, saboda tana biyan makarantun kuɗi su karɓi yara masu naƙasa amma ta ce ban da na addini. A Oktoban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansu.