Waiwaye: Ƙwayar maikon da ke ɗaukar mRNA ba a 2020 aka fara ta ba

Tun ƙarshen 2020, da aka fara yi wa jama'a allurar riga-kafin korona ta mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayar halitta furotin da za ta ƙera, muhawara ba ta lafa ba. Wasu na tambayar ina maikon da aka lulluɓe saƙon da shi yake zuwa a jiki, wasu na cewa fasaha ce da aka ƙirƙiro cikin 'yan watanni. Tambayar farko tana da tushe, ta kuma cancanci amsa. Zancen watanni kuwa ba haka yake ba, aikin ya haura shekara 50.

A 1965 Alec Bangham da abokan aikinsa a Cibiyar Babraham ta Ingila suka nuna cewa akwai nau'in maikon da idan ya shiga ruwa yake naɗewa da kansa ya zama 'yan ƙwallaye masu ruwa a ciki. Daga nan aka shiga cusa musu magani, har Doxil na ciwon daji ya samu izini a Amurka a 1995. A 1987 kuma Philip Felgner ya fito da maiko mai cajin fosatif wanda ke kama DNA ya shigar da shi ƙwayar halitta a ɗakin gwaji. Yawancin masu ba da labarin daga nan suke tsallakawa zuwa Katalin Karikó da Drew Weissman, waɗanda suka gyara mRNA a 2005 suka samu kyautar Nobel a 2023. Abin da ake tsallakewa a tsakani shi ne ƙashin bayan lamarin.

RNA cajinsa nagatif ne, don haka sai maiko mai fosatif ne zai riƙe shi. Amma maikon da cajinsa ba ya gushewa, da zarar ya shiga jini sai ya manne wa furotin da ƙwayoyin jini, ya dunƙule, ya maƙale a huhu, ya harzuƙa garkuwar jiki. Wanda ba shi da caji yana yawo lafiya, sai dai ba ya ɗaukar kayan kirki. Gaba kura baya sayaki ke nan.

Mafitar ta fito ne a ƙarshen shekarun 1990 daga masu bincike a Vancouver ta Kanada, cikinsu har da Pieter Cullis: a ƙera maikon da cajinsa ke bin tsamin ruwan da yake ciki. A ruwa mai tsami, wajen pH 4 (pH ma'aunin tsami ne, yana raguwa idan tsami ya ƙaru), fosatif ne, sai ya kama RNA. A jini, inda pH yake 7.4, cajin ya ɓace. Idan ƙwayar halitta ta haɗiye shi, tana saka shi ne a wata 'yar jaka da tsaminta ke ƙaruwa a hankali. A nan cajin yake dawowa, maikon ya cakuɗe da bangon jakar ya yage shi, RNA ya fita.

Sauƙin faɗi gare shi, amma sai da aka yi sama da shekara goma ana tace shi. A 2006 aka nuna cewa irin wannan ƙwayar maikon ta rufe bakin wata ƙwayar gado a hantar birai ta hanyar siRNA, wato guntun RNA da ke hana a ƙera wani furotin. A 2012 aka gwada nau'in maiko sama da 50, aka tarar cewa masu ƙarfin aiki su ne waɗanda cajinsu ke juyawa tsakanin pH 6.2 da 6.5. Idan ya yi ƙasa da haka, cajin ba ya dawowa da wuri a cikin jakar. Idan ya yi sama, yana riƙe da caji tun a jini. Wanda ya yi zarra, MC3, a 6.44 yake juyawa, kuma miligiram 0.005 na siRNA a kan kowane kilo ya isa ya rage furotin da aka nufa da rabi a jikin ɓera. Duk wanda ke son fahimtar ƙarfin wannan fasaha da rauninta, a ganina nan ne ya kamata ya tsaya.

Rashin cajin ma ya zo da nasa sakamakon. A 2010 aka gano cewa ƙwayar tana yafa wani furotin na jini mai suna ApoE, hanta kuma ta ɗauke ta kamar yadda take ɗauke kitsen jini. Shi ya sa maganin farko, Onpattro, na hanta ne. Ya samu izini a Agustan 2018 don wata cutar gado da furotin ke taruwa ya lalata jijiyoyi. Ta jijiya ake ba da shi, miligiram 0.3 a kan kowane kilo duk mako uku, bayan an ba majiyyaci maganin hana borin jiki. Mai kilo 70 zai karɓi miligiram 21, alhali allurar Pfizer-BioNTech ta farko maikirogiram 30 ce, ta Moderna 100.

Sinadarai huɗu ne a ƙwayar. A wani sanannen haɗi, maiko mai juya caji kashi 50 ne cikin ɗari, kolestarol 38.5, maikon da ke ƙarfafa bango 10, mai PEG, sinadarin da ke hana ƙwayoyin mannewa da juna, 1.5. Ana narka su a itanol, a zuba RNA a ruwa mai tsami, a haɗa su da sauri, ruwan ya ninka itanol sau uku. Sannan a tace itanol ɗin a mayar da pH zuwa 7.4. Abin da ake nema shi ne ƙwayar da faɗinta bai wuce nanomita 100 ba. Idan haɗin ya yi jinkiri, ƙwayoyin su fito manya, ba girma ɗaya ba. PEG ya yi kaɗan su dunƙule, ya yi yawa ƙwayar halitta ta kasa haɗiye su. Akwai kuma ruwan da ke maƙale a ciki yana cin mRNA sannu a hankali, wanda yana cikin dalilan ajiye allurar Pfizer-BioNTech a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifili da farko. Bayan duk wannan, wani bincike na 2013 ya nuna kashi 1 zuwa 2 kacal na siRNA ke tsira daga 'yar jakar nan ta cikin ƙwayar halitta.

Tsawon tarihin bai amsa komai da komai ba. Don hanta da siRNA aka daidaita ƙwayar, a jikin marasa lafiya kaɗan, sai ga ta a damtsen ɗaruruwan miliyoyin masu lafiya. Maikon riga-kafin, ALC-0315 da SM-102, ba MC3 ba ne, duk da tushe ɗaya suke. Illolin da ba safai ake gani ba, kamar kumburin tsokar zuciya a wasu samari da borin jiki mai tsanani a mutum kaɗan cikin miliyan, sai a irin wannan yawan suke bayyana. Mafi yawan allurar tana tsayawa a damtse da kaluluwar kusa, wani ɓangare ya kai hanta.

Hantar nan har yanzu ita ce iyaka. Gwajin 2021 na gyaran ƙwayar gado da CRISPR, wato fasahar yanka DNA a inda ake so, da maganin da aka haɗa wa wani jariri shi kaɗai a Philadelphia a 2025, duk hanta suka nufa. A 2020 aka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙara maiko na biyar yana karkatar da ƙwayar: mai nagatif zuwa saifa, mai fosatif na dindindin zuwa huhu. Na biyun shi ne irin maikon da aka guje wa tun farko saboda gubarsa, don haka sai an sake auna yawan da jikin mutum zai iya ɗauka.