Kaziye da neman aiki a Kamaru: me takardar ke faɗa a kanka?

Duk lokacin da aka buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, na 'yan sanda, soja ko malanta, za ka ga samari a ƙofar kotun Garwa da Marwa da ambulan a hammata, ana jiran kaziye. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kanta.

Wace takarda ce kaziye, kuma ina ake karɓarta?

Takarda ce da ke nuna hukuncin da kotu ta taɓa yanke wa mutum. Dokar shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta raba ta gida uku. Ta ɗaya da ta biyu na alƙalai ne da hukumomi. Ta uku ce ake sawa a dosiye, wato takardun neman aiki, kuma mai ita ake ba wa. Ana neman ta a ofishin magatakardan kotun yankin da aka haife ka, da takardar haihuwa da timbir, wato kan sarkin haraji. Wanda aka haifa a Mokolo yana zaune a Ngaundare, Mokolo zai nema. Wanda aka haifa a waje kuwa, sai Ma'aikatar Shari'a a Yawunde. Yawancin masu ɗaukar aiki ba sa karɓar wadda ta wuce wata 3.

An taɓa tsare ni kwana biyu a wurin jandarma. Zai fito?

A'a. Wannan tambayar ce ta fi ci mini rai, domin tsoronta ya hana yara da yawa neman aikin da suka cancanta. Tsarewa a sel ba hukunci ba ce. Ko gidan yari aka kai ka jiran shari'a, daga baya kotu ta wanke ka, ba abin da za a rubuta. Takarda ta uku hukuncin ɗauri take ɗauka, wanda kotu ta yanke kuma ba a shafe ba, sai kuma hukuncin laifukan tuƙi.

Na san wani ɗan maƙwabcinmu da aka kwashe su a samamen masu babur. Shekara biyu yana ƙin haɗa dosiye, wai sunansa ya ɓaci. Ranar da kawunsa ya tisa ƙeyarsa zuwa kotu, ya fito yana juya takardar, hannunsa na rawa. Kalma guda ce a kai da Faransanci, néant, wato babu komai.

Idan kuma an taɓa ɗaure ni fa?

A nan sai an faɗi gaskiya ko da ɗaci. Dokar aikin gwamnati ta 1994 ta rufe ƙofa ga wanda aka ɗaure kan babban laifi ko laifin rashin amana, irin sata, zamba, jabun takardu, cin hanci da cin dukiyar gwamnati. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji kuwa kowa da ma'auninsa. Mai neman mai gadi ko mai riƙe kuɗi zai fi tsananta wa laifin sata fiye da mai neman direba ko magini. Shawarata, ka riga takardar magana. Ka ce wa mai aikin: "Alhaji, na yi kuskure a shekara kaza, na yi zamana, ga waɗanda na yi wa aiki tun fitowata." Wanda ya ji daga bakinka ya fi sauƙin yarda da kai a kan wanda ya gano da kansa.

Ana iya goge laifin?

Ana iyawa, ta hanya biyu: afuwar da majalisa ke yi da doka, ko mayar wa mutum haƙƙinsa, wanda ke zuwa bayan wasu shekaru ba tare da sabon laifi ba, ko ta roƙon kotu. A kula, sassaucin da shugaban ƙasa ke yi wa fursunoni yana rage zaman kaso ne kawai, hukuncin na nan a rubuce. Ka tuntuɓi lauya ko magatakardan kotu kan lokacin da ya shafi naka hukuncin.

Wani ya ce zai samo mini mai tsabta in na ba shi jaka goma.

Kada ka kuskura, ɗan'uwa. Hukuma na iya neman kaziye ta biyu, wadda ake ba hukumomi, kai tsaye daga kotu, kuma amfani da jabu laifi ne mai zaman kansa, yana cikin waɗanda ke hana aikin gwamnati.