Ƙa'idar tallan caca a Birtaniya: wa aka hana, wa aka bari?

Tun da aka fara maganar cire sunayen kamfanonin caca daga ƙirjin rigunan Firimiya, labari ke ta yawo a gidajen kallo da zaurukan WhatsApp. Wasu na cewa Ingila ta haramta wa duk wani sanannen mutum tallan caca, wanda aka kama kuma sai gidan yari. Wasu sun ƙara gishiri, wai ƙwararrun 'yan kartar poker da shafukan intanet ke ɗaukar nauyinsu duk an sallame su, sana'ar ta mutu. Ba haka abin yake a rubuce ba. Dokoki daban-daban ne aka cakuɗa, kowace da hukumarta da hukuncinta.

Kafin a je ga ƙa'idar, sai an san dalilin da ya sa kamfani zai riƙa biyan mutum kuɗi don kawai ya manna tambarinsa a riga ya zauna buga karta. A poker, 'yan wasa junansu suke ci. Mai shafin ba ya cikin wasan, la'ada yake yanka daga kuɗin da aka zuba a kowane zagaye. Saboda haka ba ruwansa da wanda ya ci da wanda aka cinye, bukatarsa teburi ya cika, sabbin mutane su riƙa shigowa da sabon kuɗi. Aikin ƙwararren da aka ɗauka kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ya cika mota.

A 2003 aka ga tasirin wannan ƙarara. Wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka, Chris Moneymaker, ya shiga gasar share fage ta dala 86 a shafin poker na intanet mai suna PokerStars, ya samu kujera a babbar gasar duniya ta Las Vegas wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne, ya lashe dala miliyan 2.5. A shekarar mutum 839 ne suka fafata. Zuwa 2006 sun kai 8,773. PokerStars ya riƙe shi jakadan tallansa shekara da shekaru, domin fuskarsa kaɗai tana gaya wa mai kallo cewa shi ma zai iya. Daga baya kamfanin ya ga cewa ƙwararren ɗan karta masu karta ne kawai suka san shi, sai ya koma farautar taurarin da duniya ta sani: Rafael Nadal a 2012, Cristiano Ronaldo da Neymar a 2015. Wannan salon na biyu ne ƙa'idar Birtaniya ta taka wa birki.

Ƙa'idar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2022. Kwamitin CAP mai tsara ƙa'idojin talla a ƙasar ne ya rubuta ta, hukumar sa ido kan tallace-tallace ta ASA ke aiwatar da ita. Ta shafi duk tallan caca da ake nufin mutanen Birtaniya da shi, na ƙwallo ne, na karta ne ko na injin wasa, a talabijin ko a intanet. Abin da ta ce a taƙaice: kada tallan caca ya ƙunshi mutum ko abin da ke jan hankalin 'yan ƙasa da shekara 18 sosai.

A nan ne mutane ke ruɗewa. Tsohuwar ƙa'ida tana hana talla ne idan ya fi burge yara fiye da manya. Da wannan ma'aunin ɗan wasan Firimiya yana wucewa lafiya lau, tunda uba da ɗa duk suna sonsa. Sabuwar ba ta kwatanta yara da manya. Tambayarta ɗaya ce: yara suna son wannan mutumin sosai? In dai amsar e ce, ko da manya sun fi yaran sonsa sau goma, tallan ya faɗi. Ba shahara aka hana ba, shahara a wurin yara aka hana, kuma kamfani ne zai kawo hujjar cewa mutumin da ya ɗauko bai faɗa cikin wannan rukuni ba.

Hukunce-hukuncen ASA sun nuna inda layin yake. Na farko ya fito a Disambar 2022, a kan wani saƙon kamfanin caca na Ladbrokes a Twitter mai ɗauke da Philippe Coutinho da Jesse Lingard da Kalidou Koulibaly. Duka ukun suna buga Firimiya a lokacin, aka ce a sauke. Farkon 2023 aka yanke hukunci a kan tallan Paddy Power da Peter Crouch ya fito a ciki, da na Sky Bet mai Micah Richards, hukumar ta wanke su: sun daina wasa, yaran yanzu ba su ne gwanayensu ba. Amma kada a ɗauka ritaya kariya ce. Gary Neville ya ajiye takalmi tun 2011, duk da haka tallan Sky Bet da ya fito a ciki ya faɗi a 2023, saboda yawan yaran da ke bibiyar shafukansa. Haka aka yi wa Betfred a kan Anthony Joshua, ko da yake dambe wasan manya ake ɗaukarsa.

To ina matsayin ƙwararren ɗan poker? Babu wani layi da ya hana kamfani ɗaukar nauyinsa. Da ma'aunin da aka auna Crouch da Neville za a auna shi, kuma mafi yawansu za su wuce, don yaron da ke makarantar sakandare a Manchester bai san fitaccen ɗan poker Daniel Negreanu ba, balle ya manna hotonsa a ɗaki. A lissafina ƙa'idar ma ɗaga darajar irin waɗannan ta yi a kasuwar Birtaniya. An rufe ƙofar Neymar, an bar tasu a buɗe. Wanda zai shiga matsala shi ne ɗan poker da ya tara mabiya a YouTube ko Twitch, shafin watsa bidiyo kai tsaye, ta hanyar wasannin bidiyo ko barkwanci kafin ya koma karta, domin yaran da ya tara suna nan tare da shi.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ta fi ciza 'yan poker, ba a cika ambatonta ba. Ba a yarda wanda bai kai shekara 25 ba, ko wanda kamanninsa suka nuna haka, ya fito yana caca ko ya zama jigon tallan caca. Poker ta intanet kuwa sana'ar matasa ce. Annette Obrestad 'yar Norway ta lashe fam miliyan 1 a gasar Landan a 2007 tana da shekara 18. A 2009 ASA ta soke wani tallan Betfair mai ɗauke da hotonta, tana da shekara 20. Doka ta ba ta damar zama a teburi, ba ta ba kamfani damar tallata ta ba.

Sai batun hukunci, inda jita-jitar ta fi kauce hanya. ASA ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa, ba ta cin tara. Abin da take yi shi ne ta umarci a sauke talla, ta wallafa sunan kamfanin da laifinsa a shafinta, jaridu su ɗauka. Kuma galibi kamfani take tuhuma, ba fuskar da ke cikin tallan ba. Koulibaly bai amsa tambayar kowa ba, Ladbrokes ne ya amsa. Haƙoran ƙa'idar suna hannun Hukumar Caca ta ƙasar, wadda ta sa bin ƙa'idojin talla cikin sharuɗɗan lasisi. Kamfanin da ya yi kunnen ƙashi za a iya miƙa shi gare ta, ita kuma tana da ikon cin tara, dakatar da lasisi ko ƙwace shi baki ɗaya. Wannan ne abin da kamfanonin ke tsoro.

Maganar gidan yari daga wani wuri ta fito. Sashe na 330 na Dokar Caca ta 2005 ya mai da tallata haramtacciyar caca laifi, hukuncinsa tara ko ɗaurin da bai kai shekara ba, ko duka biyun. Tun 2014 duk shafin da ke karɓar kuɗin mutanen Birtaniya sai da lasisin ƙasar, ko ina hedkwatarsa take. Saboda haka mai tallata shafin da ba shi da lasisi ne ke wasa da wuta, ba wanda ya fito a tallan kamfani mai lasisi ba. Dakatarwar wata 8 da aka yi wa ɗan ƙwallo Ivan Toney a 2023 kuma dokar hukumar ƙwallo ta FA ce, saboda shi da kansa ya yi caca a kan wasanni. Ita FA ɗin ce ta ci Yerry Mina na Everton tarar fam 10,000 a 2019 don ya fito a tallan caca a Kolombiya. Cire tambari daga ƙirjin riga kuwa ba doka ba ce ma. Kulob-kulob ɗin Firimiya ne suka amince a tsakaninsu a Afrilun 2023 cewa za su daina daga ƙarshen kakar 2025/26, kuma sun bar wa kansu hannun riga da allunan gefen fili.

Ni dai ina ganin ƙa'idar ta yi daidai a abin da ta taɓa, sai dai ta bar babban wurin. Yaro ɗan shekara 15 da ke son Neymar an kare shi. Saurayi ɗan 21 da ke kallon ƙwararre yana kwasar dala kai tsaye a Twitch, yana raya wa kansa cewa wannan ilimi ne ba sa'a ba, babu wanda ya tuna da shi, alhali shi ne ainihin wanda aka ɗauki ƙwararren domin ya jawo. Ba a gaya masa cewa sau da yawa kamfani ne ke biya wa jakadansa kuɗin shiga gasa. Kuma amanar da fuskar ƙwararre ke sayarwa ta taɓa cin mutane. Shafin poker na Full Tilt da sunan manyan 'yan karta irin su Howard Lederer da Chris Ferguson ya yi kasuwa, suna cikin masu shi. Bayan gwamnatin Amurka ta rufe manyan shafukan poker ranar 15 ga Afrilu, 2011, masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa na bin kamfanin kusan dala miliyan 390, abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Sai da PokerStars ya saye shi a 2012 aka fara maganar biyan mutane.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya sani cewa ƙa'idar nan ba ta tsallako teku ba. Ɗan wasan da ba zai fito a tallan caca a Landan ba yana iya fitowa a wayarka, ASA ba ta da ta cewa. A Najeriya, tun hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwambar 2024, sa ido kan caca ya koma hannun jihohi, kowace da nata tsarin, kuma a Kano Hisbah ta riga ta shiga rufe shagunan caca tun kafin hukuncin ya fito.