Aikin yanar ido a Najeriya

Yanar ido cuta ce da ke sa madubin cikin ido ya yi hazo, gani ya riƙa dusashewa sannu a hankali har mutum ya kasa shaida fuskar jikansa. Galibi tsufa ne ke kawo ta, ko da yake ciwon suga da buguwa a ido kan gaggauta ta. Maganinta tiyata ce ta 'yan mintuna: a cire madubin da ya lalace, a sa na roba a gurbinsa. Duk da sauƙin aikin, ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya, kuma samun aikin ya danganta da abin hannun mutum, karatunsa da inda yake zaune.

Tarihi

Tsohuwar hanya ita ce a soka tsinke ko allura a gefen ido, a ture madubin ya faɗa ciki, haske ya samu hanyar wucewa. An bayyana ta a rubuce-rubucen likitan Indiya Sushruta, wanda masana suka yi saɓani kan zamaninsa. Wajen shekara ta 1000, likitan ido Ammar al-Mausili ya yi amfani da allura mai rami wajen zuƙo yanar. A tsakiyar ƙarni na 18 Bafaranshe Jacques Daviel ya fara fitar da madubin gaba ɗaya, sannan a 1949 likitan Birtaniya Harold Ridley ya dasa na roba na farko a Landan. A Arewa, asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda yanzu ke hannun ECWA, ya fara aiki a shekarun 1940. Daga baya aka kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Kuɗi, karatu da nisa

Binciken ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 kan mutane sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama ya gano kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma yanar ido ce sanadin kusan kashi 43 na makantar. Abin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas da tsakanin waɗanda ba su iya karatu ba. Da aka tambayi masu yanar ido abin da ya hana su zuwa asibiti, kuɗi ne suka fi ambata.

Kuɗin kuwa ba na tiyata kaɗai ba ne. Tsoho a ƙauye yana buƙatar kuɗin mota na mutum biyu, don dole ɗa ko jika ya yi masa jagora, ga abinci da wurin kwana, ga gonar da za a bari idan damina ce. Mai tsinke kuma, wato mai aiki da tsohuwar hanyar, har ƙofar gida yake zuwa, ana iya ciniki da shi, ya gama a zaure. Binciken ya nuna fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yanar ido, ta wannan hanya aka taɓa su, kuma akasarinsu ba su tsira daga makanta ba.

Wasu na ɗaukar dusashewar gani a matsayin rabon tsufa, wasu na jiran yanar ta "nuna". Mata sun fi maza rasa samun tiyatar.

Ayyukan kyauta

Gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyi irin su Sightsavers da gidauniyar Al-Basar kan shirya aikin ido kyauta ko da rangwame. Ana taƙaddama kan ɗorewar irin wannan tsari da kuma bibiyar marasa lafiya bayan tiyata.