Talauci da Rashin Daidaito a Abuja

Abuja, babban birnin tarayyar Najeriya, na cikin biranen da ratar da ke tsakanin mai hali da talaka ta fi fitowa fili. A nan fadar shugaban ƙasa take, da majalisar dokoki, da Babban Bankin Najeriya, amma yawancin masu yi wa birnin hidima ba su da ƙarfin kwana a cikinsa.

Asali

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa yankin a 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An kammala taswirar birnin a 1979, gwamnati kuma ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Ba daji aka tarar ba. Akwai ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da na Koro da Gade da Gwandara da Bassa. Da farko an yi niyyar kwashe su duka a biya su diyya, sai gwamnati ta ja da baya saboda tsadar aikin. Aka bar da yawansu kan gonakin kakanninsu, alhali doka ta riga ta mayar da dukkan ƙasar yankin hannun gwamnatin tarayya.

Fili da muhalli

Nan ne gindin matsalar. Ministan Abuja ke raba filaye, kuma takardar mallaka ta fi saurin zuwa hannun mai kuɗi ko mai hanya. A Maitama da Asokoro akwai manyan gidaje da ke shekaru a kulle, ba kowa ciki sai maigadi. Masu gidan haya kuwa sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, abin da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba. Dole ya nufi Kubwa ko Lugbe ko Karu ko Nyanya, ko ya fita yankin baki ɗaya zuwa Mararaba a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. Ita Nyanya ma sansanin leburorin da suka gina birnin ce tun farko.

Mpape ta fi ko'ina nuna yadda abin yake. Tana kan tsaunuka, bayan Maitama kaɗan, ta kuma bunƙasa ne da aikin fasa dutsen da ake gine-gine da shi a cikin gari. Gidajenta a cunkushe suke, jama'a da yawa kuma daga hannun 'yan ga-ruwa suke sayen ruwa, jarka-jarka, abin da ya fi ruwan famfo tsada. Rashin adalci ne a fili, talaka ya biya fiye da attajiri a kan ruwan sha.

Rusau

A zamanin Nasir El-Rufai, minista daga 2003 zuwa 2007, an rushe unguwanni da dama da sunan maido da taswirar asali, dubban mutane suka rasa matsuguni. A 2006 aka hana acaba a tsakiyar birni. Masu goyon baya suna cewa ba don haka ba da Abuja ta rikice kamar Legas. Sai dai rusau bai rage yawan talakawa ba, nesa kawai ya ƙara tura su, kuma ministocin da suka biyo baya sun ci gaba da shi.

Su wane ne talakawan

Akwai 'yan asalin yankin da suka rasa gonaki, da ƙananan ma'aikata, da 'yan ci-rani daga Arewa masu gadi da shayi da wankin takalmi da bola-jari. Rikicin Boko Haram ya ƙaro 'yan gudun hijira, da yawansu daga Gwoza a jihar Borno, waɗanda suka kafa bukkoki a Durumi da New Kuchingoro.

Sufuri na cin kaso mai yawa na abin da suke samu. Tun asuba hanyar Mararaba zuwa Nyanya ke cushewa da masu shiga gari aiki. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kuma naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba ta shafi mai talla ko lebura ba, tunda ba albashi suke karɓa ba.