Harafi ɗaya a jikin tikiti: yadda kamfanonin jirgin sama ke lissafin katin zinare

Baffana yana da shagon kayan wuta a Sabon Garin Zariya, kuma sau uku a shekara yake zuwa Guangzhou sari. Kwanaki ya aika a kira ni bayan La'asar. Na same shi a bakin shago da waya a hannu, ransa a ɓace. Abokin tafiyarsa, in ji shi, an ba shi katin zinare: ba ya bin layi a filin jirgi, yana shiga falon manya ya ci ya sha, har jaka guda ake ƙara masa kyauta. "Jirgi ɗaya muke shiga, kujerata na jikin tasa. Ni me na tare musu?"

Na ce, "Baffa, a ba ni tsofaffin tikitocin in gani." Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya cuce shi. Abin yana nan a wani ɗan layi da bai taɓa kai ido ba, harafin boko guda ɗaya kusa da lambar jirgi.

Kafin a zo kan harafin, a san wane irin abu ne wannan katin. Ba dokar gwamnati ba ce ta samar da shi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da ƙa'idojin kare fasinja a kan jinkirin tashi, soke tafiya da ɓatan kaya, amma batun wa za a ba zinare wa za a ba azurfa yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani. Ranar da ka yi rajista ka danna "na amince", ka sa hannu a kanta, kuma a cikinta kamfanin ya rubuta cewa yana iya sauya sharuɗɗan. Tun 1981, lokacin da American Airlines ya ƙaddamar da shirinsa na AAdvantage, haka abin yake tafiya: mai jirgi ne ke riƙe da alƙalami.

Maki iri biyu ake zuba maka a duk tafiya, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Na farko kamar kuɗin asusu ne, ka tara ka canza shi da tikiti kyauta ko ƙarin kaya. Na biyu kamar makin jarrabawa ne: ba a sayen komai da shi, aikinsa kawai ya nuna ajin da ka kai, kuma ana ƙirga shi ne a cikin wata 12. In wa'adin ya cika ba ka kai ba, tsofaffin makin sun zube. Mutum na iya ganin mil dubu ɗari a asusunsa alhali bai kai ko matakin farko ba.

Kowane kamfani da ma'auninsa. A shirin Miles&Smiles na Turkish Airlines, mil 25,000 na matsayi a wata 12 na kai ka Classic Plus, 40,000 kuma Elite, wato daidai da zinare, wanda ake riƙewa shekara biyu. ShebaMiles na Ethiopian Airlines yana neman 50,000 kafin ya ba da zinare. Qatar Airways ba da mil yake aunawa ba, da abin da yake kira Qpoints: 150 azurfa, 300 zinare, 600 matakin ƙoli.

To, ga harafin. A cikin ikonomi ɗin nan da kake gani kujeru iri ɗaya, farashi ya fi kala goma, kowanne da harafinsa. Y shi ne cikakken kuɗi, daga nan a yi ta gangarowa zuwa haruffan rangwame. A ajin gaba, wanda ake ce wa bizines, J da C su ne na sama, akwai kuma na rangwame a ƙarƙashinsu. Kowane shirin da ke lissafi da nisa yana da jadawali a shafinsa na intanet da ke faɗin kashi nawa na nisan tafiya za a rubuta wa kowane harafi. Mafi arha na iya samun kashi 25 cikin ɗari, wani ma ba ya samun ko ɗaya. Mai tsada a ikonomi yana samun ɗari bisa ɗari. Bizines kan fara daga kashi 125 ya haura.

Daga Kano zuwa Guangzhou, ko ta Addis Ababa aka bi, ko ta Alƙahira, ko ta Doha, tafiyar ta kusa mil 7,000. Zuwa da dawowa 14,000 ke nan. Mu ƙaddara harafinka na kashi 25 ne: an rubuta maka 3,500, tafiya uku 10,500. Maƙwabcinka mai harafin ɗari bisa ɗari ya tashi da 42,000 a tafiya ukun nan. Shinkafa ɗaya aka ba ku a jirgi, bargo iri ɗaya. Ejan ɗin Baffa ya saba yanko masa mafi arha, don abin da Baffa ke nema a bakinsa ke nan kullum, kuma ba zan ga laifin ejan ba.

Akwai kuskure na biyu da muka gano a wayar. Katin kamfani uku gare shi, kowanne da ɗan abin da ba ya kai ko'ina. Manyan kamfanoni sun haɗu ne a ƙawance uku: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Ethiopian, EgyptAir da Turkish duk 'yan Star ne. Qatar, British Airways da Royal Air Maroc suna oneworld. Saudia, Kenya Airways, Air France da KLM suna SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Ƙa'idar ita ce kana iya hawa jirgin ɗan ƙawance ka ba da lambar katin ɗan'uwansa, makin ya tafi can. Wanda ya hau EgyptAir yau, Ethiopian gobe, ya zuba duka a kati guda, shi ne mai wayo. Tafiya ɗaya dai kati ɗaya take shiga, ba a raba ta biyu. Matsayin da ka samu kuma yana aiki a duk ƙawancen: zinaren Star na ba ka falo kai da baƙo ɗaya, layin gaba, da ƙarin jaka guda ko kilo 20 a yawancin tikitoci.

Daga nan ne farautar bizines mai arha ta samo asali. A shirin da ke lissafi da nisa, ba ruwan kamfani da nawa ka biya; nisa da harafi kawai yake kallo. Saboda haka tikitin bizines na rangwame yakan kawo maki kusan daidai da na mai cikakken kuɗi. A misalinmu, in harafin na kashi 150 ne, tafiya ɗaya 21,000 ce, biyu sun haye 40,000. Masu wannan harka suna bibiyar lokutan rangwame, suna zaɓen hanya mai yada zango don ta fi tsawo kuma sau da yawa ta fi arha, suna kuma duba garin da tikiti ya fara, domin farashi yana bin kasuwar garin tashi ne. Alƙahira ta daɗe da yin suna a wannan fanni, musamman bayan faɗuwar darajar kuɗin Masar. Mu kuwa a nan mun ga akasin haka. A 2023 kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala sun haura dala miliyan 800, kamfanoni suka rufe haruffan arha ga mai saye da naira, Emirates ma ya dakatar da zuwa tun 2022 bai dawo ba sai Oktoban 2024. Sai da aka biya bashin, Air Peace kuma ya fara zuwa Landan a Maris ɗin 2024, sannan farashi ya ɗan sassauto.

Kamfanonin ba barci suke ba. A tsohon tsarin British Airways, duk zango na bizines da ya wuce mil 2,000 yana kawo maki 140. Wanda ya yi zango huɗu ta Doha a tikiti ɗaya mai rangwame ya tashi da 560 daga cikin 600 da ake nema don azurfa. Daga 1 ga Afrilun 2025 aka rushe wannan. Ginshiƙin sabon lissafin shi ne maki ɗaya a kan kowane fam ɗaya da ka kashe, ban da harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi. Azurfa 7,500, zinare 20,000. Delta na Amurka ya koma auna matsayi da dala zalla tun 2024. A irin wannan tsari arha ba ta da wani amfani ga mai neman kati, don in ka biya kaɗan kaɗan za a rubuta maka. Tambayar farko ke nan kafin ka zaɓi shiri: da nisa yake aunawa ko da kuɗi?

Sai tarkuna. Babba a cikinsu shi ne bin zango a jere. In ka sayi tikitin da ya fara daga Alƙahira don arha, dole ka je Alƙahira ka fara daga can. Ka tsallake zangon farko, kwamfuta ta soke sauran gaba ɗaya, kuma sharuɗɗan ɗaukar fasinja sun ba su wannan dama. Zuwa can ɗin tikiti ne daban, ga biza in za ka fita ka karɓi kaya, kuma in jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, asararka ce kai kaɗai. Farashin da aka saka bisa kuskure kuwa, wanda ke yawo a WhatsApp ana cewa a yi maza, kamfani na iya soke shi ya mayar maka da kuɗinka. Ko a Amurka tun 2015 aka daina tilasta musu cika shi. Tikitin da ka karɓa da maki ba ya kawo makin matsayi a yawancin shirye-shirye. Haka jirgin shata, irin na jigilar alhazai. Ƙarin kuɗin da ka biya a kanta don a mai da kai gaba ma sau da yawa ba ya sauya harafin asali. Maki kuma na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya ba: Baffa ya biya wa yaron shagonsa tikiti, makin na yaron ne. Sayar da maki ko ba da aron kati na iya sa a rufe asusu da duk abin da ke ciki.

Mu 'yan Zariya akwai lissafin da babu shi a jadawalin kowa. Garin da ke horar da matuƙan jirgi tun 1964, kullum muna jin ƙananan jiragen kwalejin suna shawagi a kanmu, amma mai tafiya waje sai ya tsaya Kwangila ya nemi motar Kano, ko ya bi ta Kaduna zuwa Abuja, wani lokacin har da kwanan otal. Duk tafiyar da aka ƙirƙira don neman maki kawai, wannan wahalar da kuɗinta suna kanta.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Tikitin bizines da kansa ya riga ya ba ka falo, layin gaba da ƙarin kaya. Katin ba ya nuna amfaninsa sai ranar da ka koma ikonomi. Malamin jami'a a Samaru da ke fita taro sau ɗaya a shekara, in ya ƙara miliyoyi don kati, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Ɗan kasuwa irin Baffa, da ke biyan kuɗin ƙarin jaka a kowace dawowa, shi ne ya kamata ya zauna da biro: nawa ne bambancin harafin arha da na sama da shi, nawa kuma yake kashewa a kan kaya a shekara.

Da muka yi lissafin, bai ce komai ba, sai ya jawo durowar teburinsa ya fito da katunan shiga jirgi ɗaure da roba. Biyu daga ciki ba a taɓa saka musu lambar kati ba. Kamfanoni na karɓar irin wannan koke bayan tafiya, wasu cikin wata shida wasu har shekara, in akwai lambar tikiti da katin shiga. Ɗaya wa'adinsa ya wuce. Ɗayan saura kwana tara, muka ɗauki hotonsa a kan kwalin kwan fitila muka tura kafin a kira Magariba.