Duniyoyi takwas ne, a daina cewa tara

Duniyoyi nawa ke zagaya rana?

Takwas. Makyuri, Zahra, tamu, Mas, Jufita, Zuhal, Uranus da Neftun.

Amma tara aka koya mana. Ina Fuluto?

Tana nan, ba abin da ya same ta. A 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta mayar da ita rukunin ƙananan duniyoyi, domin ba ita kaɗai ke bin hanyarta ba, yankin cike yake da curin ƙanƙara. Ko watanmu ya fi ta girma. Littafinka ne ya tsufa.

Wacce ta fi zafi?

Zahra, kodayake Makyuri ta fi kusa da rana. Iskar Zahra mai kauri ce ke riƙe zafi, ya haura digiri 450.

Yaya zan bambanta duniya da tauraro da idona?

To, wannan sai a hankali. Abin da aka saba faɗa shi ne tauraro yana ƙyalƙyali, duniya kuwa haskenta a tsaye yake. Galibi haka ne, amma in ta yi ƙasa-ƙasa, ko akwai ƙura, ita ma takan ɗan yi rawa. Gara ka haɗa da inda take: duniyoyi ba sa nisa da hanyar da rana da wata ke bi a sama. Zahra ta fi sauƙi, ta fi kowa haske, a yamma bayan faɗuwar rana ko a gabas kafin asuba ta waye. In ka ga abu mai haske a tsakiyar sama da tsakar dare, ba ita ba ce, wataƙila Jufita ce. Mas ja-ja take, sai dai akwai taurari jajaye, kada launi ya ruɗe ka. Abin da ya fi tabbas shi ne haƙuri: lura da ita makonni, za ka ga ta gusa daga taurarin da ke kusa da ita. Abin da ya ratsa sama cikin minti biyu kuwa, jirgi ne ko tauraron ɗan'adam. Zoben Zuhal kada ma ka wahalar da idonka, sai da na'urar hangen nesa.

Tauraro ya faɗo daren jiya!

Don Allah. Ɗan tsakuwa ne ya ƙone a iska. Tauraron gaske rana ce guda.

Tauraro mai wutsiya alamar bala'i ce?

Kwantar da hankalinka. Ƙanƙara ce da ƙura, zafin rana ke fitar mata da wutsiya. Wanda ake kira Halley ya zo a 1986, zai dawo a 2061.